Tulun Acar na Uku

Tulu uku Acar ɗan Warayo ya yi a duniya. Na farko gadon ubansa ne. Ya hau shi yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi su a kansa shekara goma sha ɗaya, har ranar da ɓaunar maƙwabta ta dawo daga kiwo, ta ga inuwa, ta kwanta a kansa. Na biyu bai yi albarka ba, shekara biyu ya tsage da kansa ba wanda ya taɓa shi. Na uku wani magini ne ya gina masa a garin Jirk, mai faɗin ciki, mai ƙaramin baki, in an ƙwanƙwasa shi ya amsa kamar ƙararrawa. Shi ne mai labari.

An haifi Acar ran Lahadi, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, don haka ake kiran ranar a harshensu. Da ya ƙara kwana ɗaya a ciki, da Sumar za a kira shi. Ƙauyensu na masunta ne, gida talatin da huɗu, a gaɓar yamma ta kogin Sindu, tafiyar rabin yini ƙasa da Jirk. Ya auri Sabagi, suka haifi 'ya'ya biyar, ɗaya ta rayu, Bagul, aka aurar da ita a gida na uku daga nasu.

Aikinsa bai sauya ba tun ranar da ya fara. Da sassafe ya kai tulu bakin ruwa, ya kifa cikinsa a kan bakinsa har ya toshe shi ruf, ya tura da ƙafa, ya saki koma mai doguwar sanda ƙarƙashinsa, ruwa ya tafi da shi. In palla, kifin da ya fi daraja a kogin, ta bugi koma sai ya ja igiya, ya fito da ita, ya soke ta da tsinken ƙarfe, ya ɗan ɗaga ciki ya jefa ta cikin tulu. Haka har wata bagaruwa da ake kira Bagaruwar Fakiri. Nan zai fita, ya ɗora tulu a ka, ya dawo da ƙafa ta hanyar cikin kurmi, inda ba a hangen ruwa. Sau uku a yini, ran Juma'a sau ɗaya.

Kwale-kwale uku ne a ƙauyen, amma Acar ba ya shiga ko ɗaya, don tun yana yaro in ya shiga sai jiri ya ɗebe shi. Saboda haka ya kai shekara arba'in da ɗaya bai taɓa hawa kogin ta ruwa ba, sai dai gangara, kuma bai taɓa kallonsa daga tsayin da ya wuce taƙi ɗaya ba. Duk da haka ba wanda ya kai shi saninsa. Sindu kogi ne da ba ya kwana inda ya yini, inda bara aka nitse, bana a shuka kankana. Acar da gwiwa yake gane zurfi, don ya fi sanyi. Tudun yashi kuwa tun bai kai gare shi ba tulu yake fara wani gunji a ƙarƙashin cikinsa. Masu jiragen hatsi kan tsaya su tambaye shi hanya, ya gaya musu, su ba shi dunƙulen mazarƙwaila.

A farkon watan Muharram na shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin da tara, Turawa da Mirai, sarakunan da ke mulkin ƙasar daga birnin Haidarabad, suka ɓata. Da ma shekaru ke nan jiragen hayaƙin Turawa suna hawa kogin suna gangara, Mirai suna kallo suna cije baki. Yanzu sai aka ga mahayan Baluci, mayaƙan Mirai, suna wucewa arewa rukuni-rukuni, da takubba da garkuwoyi. Pirano, sarkin ruwan ƙauyen, tsoho mai haƙori biyu, ya tara maza a rumfar bakin ruwa. Tukunyar taba ta zagaya sau ɗaya kafin ya yi magana.

"Jama'a, kun ga dawakai sun wuce, kun ga hayaƙi ya wuce. Mu ba doki, ba hayaƙi. Abin da muka mallaka sanin ruwa ne. Duk wanda ya nuna wa jirgin Nasara hanya, a fasa tulunsa a gaban jama'a."

Kowa ya san abin da ke biye da fasa tulu. Ba mai miƙa maka taba, ba mai shan ruwan gidanka, ba maginin da zai gina maka wani, 'yarka ma in ta hango ka sai ta sauya hanya. Sau ɗaya aka taɓa yi a zamanin kakanni, mutumin ya ƙare yana kiwon raƙuman wasu a hamadar Tar, inda ruwa sai a rijiya.

Wani ya ce, "To Baba, su Miran me suka taɓa yi mana? Kifi uku, ɗaya nasu."

"Mir cin kifinmu yake yi, jirgin Nasara korarsa yake yi," in ji Pirano. "Mai ci ya fi mai kora, ko ba komai yakan bar ƙaya."

Lawung, sa'an Acar, mai kwale-kwale ɗaya daga cikin ukun, wanda bai taɓa jin daɗin yadda masu hatsi ke wuce shi su tambayi Acar ba, ya busa hayaƙi ya ce, "Ni dai ba na fargabar Acar. In suka ɗora shi a jirgi, amai kawai zai nuna musu."

Aka yi dariya. Acar ma ya yi, don gaskiya ce.

Ran Litinin, goma sha uku ga wata, a gangararsa ta biyu, yana dab da Bagaruwar Fakiri da palla huɗu a tulu, sai ya tarar da jirgin hayaƙi a tsaye, yana jan wani babban kwale-kwale cike da buhunan hatsi da gangunan albarushi. Mai nuna musu hanya ya tsere tun jiya. Wasu masu hatsi kuma sun ba su sunan Acar, har da kamanninsa, ko da yake daga sama masunta duk baya ne da ƙafa biyu. Aka sako ƙaramin jirgi, aka tsamo shi da tulunsa kamar yadda ake tsamo kunkuru.

Shugaban ma'aikatan jirgin wani mutumin ƙasar Kac ne, Lada, gajere mai ƙaton gashin baki, shi ke fassara. Mai jirgin kuwa Bature ne da rana ta gasa wa wuya, masunta suka yi masa laƙabi Jan Wuya. Aka zazzage kifin aka kai madafa. Aka ajiye tulu a kan katakon jirgi, wani soja ya tsaya a kansa da gindin bindiga a ɗage.

"Kai ne Acar?" in ji Lada.

"Ni ne, Sayin," in ji Acar, wato ranka ya daɗe.

"Za ka kai mu Jirk. In ka ƙi, wannan ya fasa tulun, ya juya bindigar ya fasa mai tulun. Ka gane, ko a fara da ɗaya ka gani?"

Acar ya yi lissafi. In ya nuna, a fasa tulu gobe a gida. In bai nuna ba, a fasa shi yanzu, shi ma a bi shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ya ce zai nuna. Kuma ya faɗa ne har zuci, wannan shi ne abin da daga baya ba wanda ya yarda da shi.

Aka tsayar da shi a goshin jirgi, tsayin mutum uku daga ruwa. Ya duba, ya ga wani fili shimfiɗe mai launin kunu, ba gaba ba baya, yana tahowa gare shi maimakon ya tafi da shi. Bai taɓa ganin wannan wuri ba. Injin ya tashi, katako ya kama rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, abin da Lawung ya faɗa ya tabbata a kan takalmin Jan Wuya.

"Ina hanya, ɗan kwaɗo?" in ji Lada.

"Sayin, a bar ni in kwanta."

Aka bar shi. Ya kwanta rub da ciki a kan katako, ya saurara. Katako bai ce masa komai ba, sai zafi.

"Sayin, a sa ni a ruwa. Daga nan ba na ji."

Lada ya fassara, Jan Wuya ya yarda. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka sauke shi da tulunsa ta goshin jirgi don ya shiga gaba. Ruwa ya ɗauke shi, ya bi da shi gefen jirgi, ya wuce da shi baya har ƙarshen igiya. Nan take gwiwarsa ta ji sanyi, ya ɗaga kai ya yi kira da murna, "Nan ne! Nan akwai zurfi!"

"Nan ai mun wuce shi, ɗan banza!" in ji Lada. "Gaba muke so!"

"Tulu ba ya hawa, Sayin."

Aka jawo shi. Aka mayar da tulu ƙarƙashin gindin bindiga, shi kuma goshin jirgi. Ya rufe ido ya fara biyo hanyar a zuci daga ƙarshenta, kamar mai kwance saƙa. Da ya buɗe ido ya hango wata gaɓa da ta zube, ya gane ta, ya nuna da hannu. Jirgi ya bi, ya wuce lafiya. Can gaba ya gane wani kututture, ya nuna, aka wuce lafiya. Jan Wuya ya daina duban takalminsa. Lada ya miƙa wa Acar goran ruwa. A gaɓa kuwa, inda kurmi ya tsage, mutanen ƙauye sun fito suna kallo, kuma ba a ɓoye yake ba wane ne a goshin jirgi da hannu a miƙe.

Ƙasa kaɗan da ƙauyen akwai babbar kwana, inda ruwa ke matsewa tsakanin gaɓa da wani tudun yashi da ake kira Bayan Kunkuru. Nan ne wurin da Acar ya fi sani a duk kogin. Shekara ashirin da bakwai yana bi ta nan, kuma abin da ubansa ya koya masa bai taɓa cin amanarsa ba: a nan ba a buga ƙafa, ba a yin komai, ruwa ne ke sanin hanya. Ya juya da fara'ar mai bayar da abu mai kyau.

"Sayin, nan ba wahala. A nan ba a yin komai. Ku saki jiki, ruwa zai kai ku."

"Ka tabbata?"

"Kullum sau uku nake yi."

Lada ya fassara. Jan Wuya ya tuna gaɓa da kututture, ya ba da umarni. Aka kashe ƙarfin injin, mai juya jirgi ya sassauta hannu. Ruwa kuwa ya kai su, kamar yadda yake kai Acar, wato kudu. Ya juya jirgin a hankali, ya kwantar da shi ta gefe a kan Bayan Kunkuru, kwale-kwalen hatsi ya zo ya jingina da shi. Kogin yana cikin janyewa a lokacin, kowace sa'a jirgin yana ƙara zama.

Jan Wuya ya faɗi maganganu da yawa waɗanda Lada bai fassara ba. Lada ya fassara nasa da tafin hannu, sau biyu. Acar yana cewa, "Wallahi, Sayin, ni yana kai ni." Aka kora kowa cikin ruwa ya tura, har sojan da ke kan tulu. Jirgin ya ƙara karkacewa, tulu ya gangara, ya faɗa ruwa bakinsa a sama. Acar ya bi shi, kamar yadda kowa zai bi nasa. Ya kifa cikinsa a kai, ruwa ya tafi da shi. An yi harbi biyu. Ya fita a Bagaruwar Fakiri, ya ɗora tulu a ka, ya dawo ta cikin kurmi. Ban da kifin, koma ce kawai ya rasa.

Da magariba Sabagi tana gasa gurasar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Bagul, gobe da safe za a zauna a kanka. Ka ce da gangan ka yi."

"Ba da gangan na yi ba."

"Wa ya tambaye ka abin da ke cikinka? Jirgi na kan yashi, kowa ya gani."

"Hannuna cikin ruwa za su sa in yi magana."

Ita ma ta san wannan. A ƙauyen ba a sauraren mai laifi sai hannunsa na cikin kogi, kuma wanda ya yi ƙarya a haka, kogin ba ya mantuwa. Mutumin da ke kwanciya a kansa kullum ba ya gwada shi.

"To ka faɗi gaskiya," in ji ta, "amma a taƙaice. Kai matsalarka ƙarin bayani."

Da safe aka ajiye tulu a tsakiyar fili, aka jingina taɓarya a jikinsa. Acar ya tsuguna a bakin ruwa, hannun dama a ciki. Bagul tana can bayan zana tare da uwarta.

"Acar ɗan Warayo," in ji Pirano, "ka nuna wa jirgin Nasara hanya?"

"Na nuna, Baba."

"Don ka halaka shi?"

"A'a, Baba. Don in kai shi Jirk."

Daga bayan zana aka ji wani abu kamar an mari cinya. Lawung ya miƙe ya ɗauki taɓarya. "Kun dai ji da bakinsa. Kifi na ganinka, mai jar koma!"

"Ajiye, ba a sa ka ba," in ji Pirano. "Acar, me ka ce musu a kwanar Bayan Kunkuru?"

"Na ce su saki jiki, ruwa zai kai su."

"Suna hawa?"

"Suna hawa, Baba."

 Wani a baya ya yi tari, tarin ya ƙi tsayawa a matsayin tari. Pirano bai yi dariya ba. Ya tauna abin da babu a bakinsa na ɗan lokaci.

"Doka doka ce," in ji Lawung. "Ya ce ya nuna."

"Ya ce. Amma hanya abar da ake bi ce a isa. Ni ban ga wanda ya isa ba." Pirano ya nuna kudu da haɓa, inda hayaƙi ke tashi daga wuri ɗaya tun jiya. "Ga hukunci. A rataye tulu a rumfa, taɓarya a ƙarƙashinsa, zuwa sallar Juma'a. In jirgin ya tashi ya wuce ta gaban ƙauyen nan kafin lokacin, Acar ya nuna hanya, a fasa. In bai wuce ba, kogi ya ba da shaida, a mayar masa da abinsa."

Kwana uku Acar bai yi su ba, karo na farko tun rasuwar ubansa. Ya kafa kara a bakin ruwa, ya zauna kusa da shi ƙafa a ciki. Ran Talata ruwa ya ja da yatsa uku. Ran Laraba ya ja da ɗaya. Ran Alhamis ya wayi gari ya ji ruwan ya ƙara sanyi a idon sawu, ya san me ke tafe, kafin azahar ya hau yatsa biyu. A Bayan Kunkuru an sauke buhuna an tara a kan yashi, mutane suna jan igiya suna waƙa, waƙar tana isowa har ƙauye. Lawung yakan zo ya duba karan, ya ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa hawa raƙumi kuwa? An ce shi ma jiri yake sa wa."

Da la'asar Sabagi ta kawo masa gurasa, ta zauna.

"Zai tashi?"

"In ruwa ya ƙara taƙi ɗaya. Da ma sun sauke kayan ta kudu ne maimakon arewa, su zuba igiya wajen gaɓa, da tun jiya sun..."

"Rufe mini baki! Ka je ka gaya musu mana, tunda ba ka gaji ba."

Ran Juma'a, goma sha bakwai ga wata, ruwa ya tsaya cik. Da aka sallame salla hayaƙin yana inda yake. Pirano da kansa ya kwance tulu ya miƙa masa, aka mayar wa mai taɓarya da taɓaryarta. Tukunyar taba ta zagayo, wanda ke kusa da Acar ya miƙa masa, ya karɓa ya ja sau biyu. Da la'asar ya ari koma ya yi gangara ɗaya. Ya wuce ta gefen jirgin kansa a ƙasa, kuma daga sama masunta duk baya ne da ƙafa biyu.

A wannan Juma'ar ce aka gwabza a Miyani, arewa da Haidarabad. Labari ya iso ƙauye bayan kwana biyu: an kashe Baluci dubbai, Mirai sun miƙa takubbansu. Bayan wata guda da 'yan kwanaki aka sake karawa a Dubbo, daga nan ƙasa ta zama ta Turawa. Jirgin ya yi kwana goma sha tara a Bayan Kunkuru. Ba wanda ya nemi kayansa a Miyani, ba wanda ya ji rashinsu.

Sabuwar hukuma ta buɗe littafi a mashigar Jirk, na sunayen waɗanda suka san ruwa, don a riƙa kiransu nuna hanya ko suna so ko ba sa so. An rubuta mutum goma sha ɗaya daga ƙauyen. Sunan Acar yana ciki, an ja layi a kansa, a gefe an rubuta cewa kada a ɗauke shi, bai san kogi ba. Pirano ya rasu a shekara ta biyu, dokarsa ta bi shi ba tare da an soke ta ba. Lawung ya zama babban mai nuna hanya tsakanin Jirk da Kotri, har aka ba shi riga mai maɓallan tagulla. Ba a fasa tulun kowa ba.

Labarin kuwa ya yi ta girma a bakin mutane. A Jirk ana cewa Acar ya kifar da jirgi ɗaya, a Tatta an ce uku. Duk wanda ya zo gaishe shi a kan haka, sai ya zaunar da shi ya gyara masa daga farko, har da takalmin, Sabagi tana tsaki daga madafa. Baƙi sukan tashi suna cewa ba su taɓa ganin mai tawali'u irinsa ba.

Ya yi shekara goma sha tara yana su bayan wannan, sau uku a yini, daga baya sau biyu. Ya rasu yana da shekara sittin, a kan tabarma, cikin damina. Tulun ba tsaga ko ɗaya. Mijin Bagul ya so ya gaje shi, Sabagi ta hana. Ta sa aka kai shi gindin Bagaruwar Fakiri, aka kafa shi a kan duwatsu uku, aka rataya moɗa a jikinsa, tana cika shi da ruwa don masu fitowa daga kogi. Tana cewa shekara talatin da uku ruwa yana ɗaukarsa, yanzu shi ma ya ɗauki ruwa.